Tambaya da Amsa: Yadda ake rubuta siginar layin dogo a fayil ɗin musayar bayanai

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu ɗaya: yadda ake ɗaukar sigina da masauyin layi da na'urar gane jirgi, a zuba su cikin fayil ɗin da manhajoji daban-daban za su karanta su fahimci abu guda. Mun zaɓi shida daga ciki.

Tambaya: Ni ɗalibin injiniyan lantarki ne. An ba mu aikin rubuta ƙaramar tasha a tsarin railML. Na zana siginonin a takarda, kowace da lambar kilomitarta. Shin da su zan fara a fayil ɗin? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malam, ajiye siginonin tukuna. Sigina ba ta da inda za ta tsaya a fayil sai an shimfiɗa mata layi, kuma mafi yawan ɓarnar da ake samu daga baya a shimfiɗar layin take farawa.

Shi railML tsari ne na musayar bayanan layin dogo da aka gina a kan XML, wato hanyar rubuta bayanai a fayil yadda manhajoji za su iya karantawa. An fara shi a 2002 a birnin Dresden na Jamus, kuma daga fitowa ta 3.1 a 2019 aka ɗora shi a kan RailTopoModel, wato tsarin siffanta yadda layuka ke haɗuwa da juna, wanda ƙungiyar jiragen ƙasa ta duniya UIC ta wallafa a 2016 da lamba IRS 30100. A wannan tsari layin dogo gunduwa-gunduwa ne. Kowane guntun da babu rassa a cikinsa sunansa netElement, inda guntu biyu suka haɗu kuma netRelation.

Ɗauki tasha a kan layi ɗaya tilo, mai layin ratse inda jirage biyu ke wuce juna. Masauyi biyu gare ta, ɗaya yamma ɗaya gabas. Guntaye huɗu za ka samu: layin da ya shigo daga yamma, babban layi tsakanin masauyan biyu, layin ratse, da layin da ya fita gabas. Kira su A, B, C da D. A kowane masauyi guntu uku ne ke haɗuwa, saboda haka mahaɗa uku za ka rubuta. A masauyin yamma, A da B jirgi na bi ta kowace fuska, A da C haka nan, amma B da C sai ka rubuta cewa ba a bi. Jimilla mahaɗa shida ke nan, huɗu ana bi, biyu ba a bi. Wannan ta ukun ce ɗalibai suka fi yi wa sakaci. Idan aka yi kuskure aka ce ana bin ta, manhajar neman hanya za ta ɗauko jirgi daga babban layi ta jefa shi layin ratse kai tsaye, abin da a zahiri sai jirgin ya fita ya wuce bakin masauyi, ya tsaya, sannan ya yi baya.

Kowane guntu yana da farko da ƙarshe, farkon 0 ne, ƙarshen 1. A kowace mahaɗa dole ka faɗi wane kai na wane guntu ne ya taɓa ɗan'uwansa: ƙarshen A, wato 1, ya haɗu da farkon B, wato 0. Shawararmu ita ce ka juya dukkan guntayen su fuskanci inda kilomita ke ƙaruwa. Tsarin bai tilasta maka ba, amma zai rage maka ruɗani ƙwarai.

Yanzu sai sigina. Abu uku ake faɗa a kanta, kuma kada ka cakuɗa su. Na farko, a kan wane guntu take, a wane wuri, kuma jirgin da ke tafiya ta wace fuska take yi wa magana. Wannan shi ne spotLocation. Idan B mita 850 ne, siginar fita ta gabas kuma tana mita 780 daga farkonsa, matsayinta 780 a raba da 850, wato 0.917647. Na biyu, jikinta: ta fitila ce ko allo, tana dama da layi ko hagu ko a rataye a sama. Waɗannan biyun suna cikin signalIS, a sashen kayan layi. Na uku aikinta: siginar shiga ce ko ta fita ko ta jujjuya taragu a tasha, kuma waɗanne hanyoyi ke farawa daga gare ta. Wannan yana cikin signalIL, a sashen intalokin, wato na'urar da ke kulle hanya ta hana a ba jirage biyu wuri ɗaya. Shi signalIL ba ya maimaita wurin da sigina take, nuni kawai yake yi zuwa ga signalIS ta lambar shaidarsa. Haka masauyi: switchIS da switchIL. Amfanin rabuwar shi ne idan aka matsar da sigina mita 15, wuri ɗaya za a gyara.

Ga abin da ya kamata ka ƙirga a ƙarshen aikinka, a tasha mafi sauƙi irin wannan: siginar shiga 2, siginar fita 4, na'urar ƙirga ƙafafun jirgi 6, uku a kewayen kowane masauyi, sassan gane jirgi, wato yankunan layi da na'urorin ke nuna ko akwai jirgi a ciki, 4 a cikin tasha, da hanyoyi 8, huɗu na shiga huɗu na fita. Idan lissafinka ya saɓa, ka nemi dalili kafin ka miƙa.

Wani abu kan lambar shaida. Kada ka mai da sunan da ke rubuce a jikin sigina ya zama shaidarta a fayil, domin S1 tana nan a kusan kowace tasha, ranar da aka haɗa fayil ɗin tashoshi biyu sai su yi karo. Ba ta shaidar da ba ta maimaituwa kuma ba ta canzawa, sunan allo kuma ka sa shi a gurbin suna.

Tambaya: Mun shigar da fayil cikin manhajar gwajin zirga-zirga. Siginar tana nan a zane, ja ce, amma jirgi yana wuce ta kamar babu ita. A wata tashar kuma jirgin da aka ba babban layi sai ya shiga ratse. Me ya jawo? (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Hajiya, matsalolin biyu 'yan gida ɗaya ne, dukkansu na fuska ne.

Sigina gefe ɗaya take kallo. A fayil ana rubuta fuskarta dangane da guntun da take kai: ko tana aiki ga jirgin da ke tafiya daga 0 zuwa 1, ko ga mai tafiya daga 1 zuwa 0. Ba ruwan wannan da gabas ko yamma, ba ruwansa da hawan kilomita. To idan wani ya juya guntun, ko manhajar da ta fitar da fayil ɗin ta zana shi daga ɗaya kan, amma ba a juya fuskar abubuwan da ke kansa ba, siginar za ta koma tana magana da jiragen da ke zuwa ta bayanta. Jirginki yana wuce ta ne domin a wurinsa ƙeyarta yake gani. Ki duba guntun: ina 0 ɗinsa yake, kuma me aka rubuta a fuskar siginar. In kin samu an juya shi, kada ki gyara siginar kaɗai. Duk abin da ke kan guntun ya shafa: matsayin kowanne zai koma 1 a debe tsohon matsayi, allunan gudu za su juya, gangara za ta zama hawa, kawunan mahaɗa su ma su sauya.

Wannan ya fi faruwa wajen sauya fayil daga railML 2 zuwa railML 3, domin tsohon yana auna wuri da mita daga farkon layi yana kuma faɗin fuska da kalmomin sama da ƙasa, sabon kuma da guntaye yake aiki, kuma layi ɗaya na tsohon kan tsinke gida uku ko huɗu a sabon.

Batun masauyi kuwa, hagu da dama ana faɗinsu ne ga wanda ya tsaya a bakin masauyin, wajen tsinin harsunansa, yana kallon inda layi ya rabu biyu. A tasha mai ratse, masauyin yamma da na gabas suna fuskantar juna. Idan ratsen yana dama a na yamma, to hagu yake a na gabas. Wanda ya kwafi bayanin na farko ya manna wa na biyu ya jawo abin da kika gani. Akwai kuma tarko na biyu: wasu hukumomi, kamar na Ingila, ba sa cewa hagu da dama, suna cewa zaman yau da kullum da zaman juye. Zaman yau da kullum ba dole ne ya zama miƙaƙƙen reshe ba, kuma ba dole ne ya zama dama ba. Ga kowane masauyi sai an rubuta a fili wane reshe ne ya yi daidai da wane zama.

Tambaya: Aikin awo nake yi. Na debe kilomitar sigina ɗaya daga ta gaba da ita na samu mita 1,350, amma da muka auna a ƙasa 1,200 muka samu. Wanne zan sa a fayil? (Mai karatu daga Katsina)

Amsa: Dukkansu za ka sa, Malam, kowanne a gurbinsa. Alamar kilomita suna ce da ake kiran wuri da ita, ba awon tsayi ba ce. Idan aka miƙe wata kwana aka gajarta layi, ba a sake lambar duk alamomin da ke gaba har ƙarshen layin, sai a bar tsalle: kilomita 42.300 ta zama 42.450 a wuri ɗaya, mita 150 sun ɓace a lissafi. Idan kuma layin tsawo ya ƙara, sai lamba ɗaya ta faɗo a wuri biyu. Bambancin da ka samu ya yi kama da irin wannan tsalle, ka neme shi a tsakanin siginonin.

A fayil, tsayin guntu da matsayin sigina a kansa daga awon ƙasa suke fitowa, kuma da su ake lissafin birki. Kilomita kuma tana zaune a tsarin awo na daban da aka jingina wa guntun, tare da bayanin inda tsallen yake. Manhajar da ta yi lissafi da kilomita za ta ɗauka direba yana da mita 150 na tsayawa waɗanda babu su, kuma wannan kuskure ne ta ɓangaren haɗari.

Abu biyu kuma da suka shafi aikinka. Na ɗaya, yawan lambobi bayan ɗigo. A guntu mai kilomita 20, lamba uku bayan ɗigo na nufin kowane taki mita 20 ne, sigina za ta iya gocewa da mita 10 ba wanda ya taɓa ta. Lamba shida ke kawo takin zuwa santimita 2. Na biyu, ku yi yarjejeniya da masu karɓar fayil kan inda ake cewa masauyi yake: bakinsa ne, ko inda tsakiyar layukan biyu suka gicciye a zane. A masauyan tasha na yau da kullum tsakanin wuraren biyu kan kai mita 10 zuwa 20, kuma duk guntun da ya taɓa masauyin zai gaji bambancin.

Tambaya: Fayil ɗinmu ya wuce tantancewa ba kuskure ko ɗaya. Ke nan za a iya ɗora shi a kan intalokin? (Mai karatu daga Abuja)

Amsa: A'a, ranka ya daɗe, kuma wannan ce tambayar da muka fi so a tsaya a kanta.

Tantancewar da aka saba yi ita ce gwada fayil da ƙa'idar XSD, wato jerin dokokin siffar fayil ɗin XML. Abin da take dubawa siffa ce: an rubuta sunan kowane abu daidai, an sa lamba inda ake son lamba, ba a bar gurbin dole a wofi ba. Ba ta san layin dogo ba. Fayil ɗin da ya sa siginar shiga a bayan masauyin da ya kamata ta kare zai wuce ta lafiya lau.

Bayan ta akwai dubawa ta biyu, ta ma'ana, wadda ake rubuta wa dokoki na musamman. Ga irin abin da ake tambayar fayil. Kowane nuni yana kaiwa ga abu irin wanda ake nufi, ko signalIL yana nuna masauyi? Kowane sashen gane jirgi, wato tvdSection, a rufe yake ta kowace kafa? Sashen da ke da masauyi ɗaya kafa uku gare shi, in na'ura biyu kawai aka lissafa masa, jirgi zai shiga ta ukun ba a ƙirga shi ba, ko ya fita sashen ya ci gaba da nuna akwai jirgi har abada. Akwai wani taƙi na layi tsakanin sassa biyu da ba na kowa ba? Kowace hanya, in aka bi ta daga siginar farko zuwa ta ƙarshe bisa zaman masauyan da aka rubuta, tana isa inda aka ce? Masauyin da jirgi ke shiga ta bakinsa shi ke zaɓar hanya, amma masauyin da jirgi ke shiga ta bayansa shi ma dole a saita shi a kulle, in ba haka ba ƙafafun jirgi za su tsaga harsunan.

Sai abubuwan da ba sa cikin hanyar kanta amma hanyar ba ta da aminci sai da su. Akwai rarar layi bayan siginar tsayawa, wadda ake keɓewa saboda jirgin da birkinsa ya zarce. A tasharmu ta misali, rarar hanyar shiga daga yamma tana iya hawa kan masauyin gabas, kuma in haka ne ba za a ba jirgin gabas hanyar shiga a lokaci guda ba. Idan ba a rubuta rarar ba, manhaja za ta ga hanyoyin biyu ba su taɓa juna ba ta halatta su tare. Akwai kariyar gefe: masauyi ko sigina ko na'urar kautar da tarago da ake kullewa domin kada wani abu ya gangaro daga layin ajiya ya soki jirgi a haƙarƙari. Akwai kuma iyakar gogayya, wurin da layuka biyu masu haɗuwa suka matso har jirage biyu ba za su tsaya kafaɗa da kafaɗa ba. Na'urar ƙirga ƙafa tana ganin ƙafa ne, ba ta ganin jiki, kuma jikin tarago kan zarce ƙafarsa ta ƙarshe da abin da ya kai mita 4. In aka dasa na'urar daidai kan iyakar, sashen masauyi zai nuna babu kowa alhali gindin tarago yana leƙe a hanyar wani jirgin. Saboda haka iyakar gogayya ita ma a rubuta ta a fayil, a kuma sa doka ta auna tazararta da na'urar.

Ko bayan wannan duka, fayil ya yi daidai da kansa ne kawai. Saura a gwada shi da ƙasa: a je a ga siginar tana inda aka ce, tana kallon inda aka ce, kuma wayar da aka rubuta wa masauyi na ɗaya ba na biyu take juyawa ba. Intalokin na manyan layuka a matakin aminci na SIL 4 ake gina shi, mafi tsanani a ƙa'idojin Turai irin su EN 50128 da EN 50129, kuma ƙa'idojin sun haɗa har da bayanan da ake ɗora masa. Shi ya sa wanda ya shirya bayanan ba shi ke tantance su ba, kuma ana gwada kowace hanya ɗaya bayan ɗaya kafin a buɗe tasha. Na'ura mai kyau da aka ba bayanin ƙarya za ta aiwatar da ƙaryar ba tare da ta yi gardama ba.

Tambaya: Balis na tsarin ETCS, ɗaya-ɗaya ake rubuta su ko a dunƙule? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Duka biyun. ETCS tsarin Turai ne na kula da tafiyar jirgi. Kowane balis, wato ɗan akwatin da ake ɗaurewa tsakanin ƙarafan layi yana aika wa jirgi saƙo, yana da wurinsa. Amma jirgi da rukuni yake hulɗa, kuma rukuni kan ɗauki balis 1 zuwa 8. Ka rubuta lambar ƙasa ko yanki da lambar rukunin, sannan matsayin kowane balis a jere, domin daga jerin ne jirgi ke gane ta wace fuska ya bi ta kansu. Rukuni mai balis ɗaya ba shi da fuska ta kansa sai wadda rukunin baya ya sanar. Nisan da ke cikin saƙon daga balis na farko a rukunin ake auna shi, da ma'aunin santimita 10 ko mita 1 ko mita 10. Idan aka matsar da balis a ƙasa ba a gyara fayil da saƙon ba, jirgi zai neme shi inda aka yi masa alkawari, in bai same shi ba yana iya taka birki da kansa.

Tambaya: Na ji ana ambaton railML da PlanPro da EULYNX da IFC. Wanne ya kamata mai koyo ya kama, kuma ina ruwanmu da su a nan? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Ɗan'uwa, ba kishiyoyin juna ba ne sosai, kowanne da gonarsa. PlanPro na kamfanin jiragen ƙasa na Jamus ne, an ɗinka shi daidai da dokokin siginarsu, yana da zurfi amma bai dace da wata ƙasa kai tsaye ba. EULYNX haɗin gwiwar hukumomin layin dogo na Turai ne da aka fara a 2014, babban aikinsa daidaita yadda intalokin ke magana da sigina da masauyi ko da kamfanoni daban suka ƙera su, yana kuma da nasa tsarin shirya bayanai. IFC na masu gini ne, kuma fitowarsa ta 4.3 ta shigo da layin dogo: shi zai gaya maka tsayin sandar sigina da tushenta da bututun wayarta, amma teburin hanyoyi ba gonarsa ba ce. Shi railML ya haɗa kayan layi da intalokin da jadawalin tafiya da bayanin jirage a gida ɗaya. Mai koyo ya fara da RailTopoModel da railML 3, domin tunanin guntu da mahaɗa da fuska zai bi shi duk inda ya je.

Ruwanmu kuwa a bayyane yake. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Legas zuwa Ibadan na 2021 masu faɗin milimita 1,435 ne, tsohon layin Legas zuwa Kano kuma 1,067, saboda haka duk fayil ɗin da ya ƙunshi garin da layukan biyu suka ratsa dole ya faɗi faɗin kowane layi, kada manhaja ta haɗa abin da ba ya haɗuwa. Layin Kano zuwa Maraɗi kuma zai tsallaka iyaka, hukumomi biyu da harsunan aiki biyu za su riƙa miƙa wa juna jirgi. Duk hukumar da za ta karɓi sabon layi daga hannun ɗan kwangila, ya kamata ta rubuta a yarjejeniya cewa za a miƙa mata bayanan sigina a buɗaɗɗen tsari, a faɗi fitowar tsarin da lambarta, a faɗi inda ake auna masauyi, a kuma sabunta fayil ɗin bayan gwajin ƙarshe domin ya nuna abin da aka dasa, ba abin da aka zana da farko ba. In zane a takarda kawai aka karɓa, ranar da za a ƙara layin ratse ɗaya sai an sake auna tashar daga tushe, ko a koma wurin kamfanin da ya yi aikin farko a kan farashin da ya ga dama.